Wace caga ce wannan mai farin ciki da na gani a tafkin Nguru?

Malamin Noma, Nguru

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san tsuntsayen ruwa, don abin ya riga ya kai ni ga jin kunya a gaban ɗalibai, kuma ba na son in koma aji ranar Litinin ina kame-kame.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a nan Nguru. Bara wani ƙanena mai sayar da kayan gwanjo ya kawo mini tsohon madubin hangen nesa, ido ɗaya ma hazo-hazo yake nunawa, to tun daga ranar na kamu da ciwon kallon tsuntsaye. Duk Asabar in na yi sallar asuba sai in bi wani dattijo maƙwabcina, masunci, mu shiga kwalekwale. Shi ya je duba kallinsa, wato ragarsa ta kamun kifi, ni kuma in yi ta baza ido. Yanzu da yake hunturu ne ruwan cike yake da baƙi, ga agwagin da ke zuwa daga Turai, ga kirinjijiya suna ta fito, ga zalɓe a tsaye kamar an dasa shi.

Asabar ɗin da ta wuce, wajen bakwai da rabi, hazo bai gama ɗagawa ba, muka bi ta wata 'yar hanya da masunta suka sare a cikin ciyawar kacala. Muna fitowa fili sai ga wata busasshiyar gabaruwa da ruwa ya kashe, rassanta sun yi fari fat da kashin tsuntsu. A kanta akwai caga takwas, tsuntsayen nan masu nutso su kamo kifi. Bakwai baƙaƙe ne irin waɗanda na saba gani, sun baje fukafukai kamar an shanya wanki. Ta takwas ɗin ce ta tsaya mini a rai. Tana can reshen sama ita kaɗai, bayanta ruwan ƙasa, amma daga maƙogwaro har ƙasan ciki fari ne, fari mai ɗan dauɗa irin na tsohuwar riga da ta sha wanki. Kuma wallahi a idona ta fi sauran girma.

Na ce, Baba, wannan fa? Ko kai bai ɗaga sosai ba ya ce caga ce. Na ce ai ba irin sauran ba ce. Ya ce, "Malam, duk ɓarayin kifi ne," ya ci gaba da jan kallinsa.

Na ɗauki hoto uku da waya ta cikin madubin, hannu na rawa don sanyi, jirgi na lilo. Da na dawo gida na saka su a wata manhaja da ke gane tsuntsu daga hoto. A hoton farko ta ce Phalacrocorax carbo, wato babbar cagar Turai da Asiya. A na biyu ta ce Phalacrocorax lucidus, mai farin ƙirji ta Afirka. A na uku ta ba ni Nannopterum brasilianum, da na bincika sai na ga 'yar Amurka ce, daga Texas har ƙarshen Ajantina take. Tsuntsuwa ɗaya a reshe ɗaya, cikin minti guda an ba ta fasfo na nahiya uku.

Inda na yi wauta shi ne na ɗauki amsa ta biyu, don ita ta fi yi mini daɗi, na je ranar Talata na shaida wa 'yan aji biyu na babbar sakandare cewa malaminsu ya ga tsuntsun da ba kasafai ake ganinsa a nan ba. Sai wata yarinya, 'yar masunta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai masu farin cikin nan bayan damina cika bayan garinmu suke yi." Aji ya kwashe da dariya. Na ce za mu dawo kan maganar.

To don Allah, caga iri nawa ce a ruwanmu na arewa? Da me ake bambance su in ba a riƙe a hannu ba? Kuma ita babbar mai farin ƙirjin, tana zuwa wajenmu kuwa, ko dai yarinyar nan ta kayar da ni?

Ɗan Sarkawa, Yawuri

Wa alaikumus salam Malam. Da na ga kan maganar na zaci murna tsuntsuwar take yi, ashe farin ciki na zahiri kake nufi.

Ni ban yi karatun tsuntsaye ba, amma a bakin ruwa aka yanke mini cibiya. Kakana yana da ƙarfinsa aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya cinye ƙauyensu aka mai da su tudu, har gobe kuma su muke yi. Masu nutso da muka sani a nan iri biyu ne, kuma baƙo yakan haɗa su.

Ta farko ita ce cagar da kake faɗa. Bakinta gajere ne, ƙarshensa a lanƙwashe kamar ƙugiya. In tana iyo ruwa yakan kusan shanye bayanta, kai a ɗage kamar mai girman kai. Ta nutse, ka ƙirga kamar ashirin, sai ka gan ta ta ɓullo can gefe da 'yar karfasa a gicciye a baki, ta jujjuya ta har kan ya fuskanci maƙogwaro sannan ta haɗiye. Wani lokaci kwaɗayi yakan kai ta cikin kalli ta sarƙe ta mutu, don haka na riƙe ta a hannu ba sau ɗaya ba. Idon wadda ta girma ja ne jawur kamar gauta. Ƙafarta kuma in ka buɗe, yatsu huɗun duka fata ta haɗe su, har na bayan, saɓanin agwagwa da uku ne kawai a haɗe. Ƙarni kuwa ba a magana, sai ka wanke hannu da toka.

Ta biyun ta fi ta tsawo, wuyanta siriri kamar igiya, bakinta miƙaƙƙe mai tsini kamar mashi, babu lanƙwasa ko kaɗan. Ita in tana iyo jikin duka a cikin ruwa yake, wuya kaɗai za ka gani yana tafiya, yaro ya gani sai ya ce maciji ne. Ita soke kifi take yi, shi ya sa in ka ga kifi da huda a haƙarƙari ka san aikinta ne. Muna yara tana da yawa, yanzu sai in yi wata biyu ban ga ɗaya ba.

Maganar farin ciki kuwa, mu yadda muka taso muka ji, masu farin cikin mata ne, baƙaƙen maza. Babbar da kake cewa mai farin ƙirji ni dai ban taɓa ganinta a ruwanmu ba. Ka gaida Baba, gaskiya ya faɗa, duk ɓarayi ne.

Mai Ƙidayar Tsuntsaye, Jos

Malam sannu da ƙoƙari, kuma kada dariyar ɗalibai ta sa ka ajiye madubin nan. Na yi shekaru ina shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk watan Janairu, na yi ta a Baturiya, na yi a Dagona, na yi a tafkinku na Nguru, kuma irin tarkon da ka faɗa babu wanda ya fara wannan aiki bai faɗa ba. Ni ma shekarata ta farko sai da na rubuta babbar caga a takarda, wanda ke jagorantarmu ya sa biro ya soke.

Bari in fara da ɗan'uwanmu na Yawuri. Bayaninka na baki da iyo da yatsu babu abin da zan ƙara, ka fi mu sanin su a hannu. Wuri ɗaya ne zan nemi afuwa in saɓa. A jinsin caga mace da namiji kaya ɗaya suke sawa, ba a gane su da launi. Mai ruwan ƙasa da farin ciki ko dai matashiya ce da ba ta kai ga yin ƙwai ba, ko kuma babba ce da ta tuɓe kayan lokacin kiwo ta koma kayan gida. Shi ya sa maganar ɗalibar Malam ta zauna daidai. Suna yin sheƙa ne lokacin da ruwa ya cika fadama, kan itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, sau da yawa a cakuɗe da balbela da sauran danginta. Ruwa na fara ja sai ka ga 'ya'yan da suka tashi sun bazu ko'ina da farin cikinsu.

A ƙasar nan abin da mutum zai sa rai da shi uku ne. Akwai ƙaramar caga mai doguwar wutsiya, Microcarbo africanus, ita ce ta ko'ina. Akwai babbar mai farin ƙirji, lucidus ɗin da manhajarka ta ambata. Sai mai wuyan maciji da ɗan'uwa ya kwatanta, Anhinga rufa, wadda ma gidansu daban ne da na caga, 'yan uwan nesa ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Babbar mai farin ƙirji in ta girma, farin daga maƙogwaro yake sauka ya tsaya a ƙirji, ciki baƙi ne, kamar wanda ya sa farar taguwa ya tsuke ta cikin baƙin wando. Da ka ga haka magana ta ƙare. Amma matashiyarta ita ma fara ce tun daga wuya har ƙasan ciki, daidai da matashiyar ƙaramar. Ke nan farin da ya ja hankalinka shi ne abin da ya fi komai rashin amfani wajen raba gardamar. Ka manta da shi tukuna, ka duba siffa.

Girma shi ne na farko. Ƙaramar daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 50 zuwa 55 ce, kamu ɗaya da ɗan ɗori, tsawon balbela ko hankaka, nauyinta bai kai kilo guda ba. Babbar tana kai santimita 80 zuwa 100, kusan kamu biyu, ta doshi dinya. In da babbar ce ta sauka cikin baƙaƙen nan bakwai, ba za ka ce "a idona ta fi su girma" ba, za ka ga kamar jimina ce ta shigo cikin kaji. Abin da nake zato ya faru shi ne abubuwa sun taru sun yaudari idonka: fari yakan cika ido fiye da baƙi, tana sama ita kaɗai babu wadda za ka gwada ta da ita, ga hazo, ga sanyin safiya da ke sa tsuntsu ya buɗa gashi ya yi kumburi.

Sai wutsiya. Ta ƙaramar doguwa ce har tana neman yi mata yawa, in tana zaune a reshe za ka ga wutsiyar ta zubo ƙasa sosai kamar jelar rawani. Ta babbar gajeruwa ce in ka gwada da jikinta. Baki kuma, na ƙaramar gajere ne, rawaya-rawaya, bai kai tsawon kanta ba, goshin a tsaye, fuskar ta yi kamar an dunƙule. Na babbar dogo ne mai kauri, ruwan toka, da faffaɗar ƙugiya, ga fata rawaya a gindinsa, kan kuma ya tafi a kwance kamar tsinin gatari. In haske ya ba ka dama ka duba ido: ƙaramar caga in ta girma idonta ja ne, na matashiyarta ruwan ƙasa, ita kuwa mai farin ƙirji in ta girma idonta kore ne shar. Akwai kuma wani ado da nake so a bayan ƙaramar, gashin fukafukan ruwan azurfa ne, kowanne da ɗigon baƙi a ƙarshe, in rana ta haska sai ka ga kamar ɓawon kifi.

Game da inda kowacce take zama. Ƙaramar ta mamaye Afirka kudu da Sahara duka har Madagaska, duk inda akwai ruwan daɗi da abin ɗafawa, kogi ne, tafki ne, dam ne, ko kududdufin da aka haƙi ƙasar bulo. Babbar kuwa zamanta tsibi-tsibi ne. A yammacin Afirka bakin teku ta fi riƙewa, daga Muritaniya zuwa Senegal zuwa Gini Bisau, wurare irin su Banc d'Arguin da Djoudj. Sai kuma gabas, tafkin Biktoriya da Naivasha da tafkunan Habasha, har ƙasa zuwa Afirka ta Kudu. A tsakanin waɗannan biyun an san ta a yankin tafkin Chadi. To ka ga ruwan da ya bi ta fadamunku shi ne yake zama Komadugu Yobe ya gangara Chadi, don haka ba zan ce maka ba za ta taɓa zuwa Nguru ba, tsuntsu ba ya neman biza. Sai dai duk wanda ya ce ya gan ta a can, hujja ake nema a wajensa, hoton da ya nuna baki da wutsiya da wani tsuntsu a gefe.

Amsoshin manhajar biyu na farko kusan abu ɗaya ne. Masana kansu sun daɗe suna ja-in-ja a kan lucidus, wasu na lissafa ta jinsi mai zaman kansa, wasu na cewa reshe ce kawai na carbo. Ta Amurkan kuwa share ta, wataƙila ba ka kunna wa manhajar wurin da kake ba.

Akwai dai inda taswira ita kaɗai take yanke hukunci. A gaɓar Namibiya da yammacin Afirka ta Kudu akwai wata ƙaramar caga mai tukku, Microcarbo coronatus, da ta yi kama da tamu har an daɗe ana ɗaukarsu jinsi ɗaya, ita ma jan ido, ita ma ƙarama. Bambancin jikinsu ɗan kaɗan ne, tukkunta ya fi tsawo, wutsiyarta ta fi gajarta. Amma ita a ruwan teku mai sanyi take rayuwa, kan duwatsun gaɓa, ba ta shiga cikin ƙasa. In ka ga mai irin wannan siffa a dam mai nisa da teku, tamu ce, ko tukkun ba sai ka auna ba. A Nguru taswirar ba ta rufe ƙofa haka ba, ta dai tura ta saura ƙiris.

Ka koma wajen gabaruwar nan jibi. Caga tana da naci a kan wurin shanyarta, da wuya ka rasa su. Ka sa rana a bayanka, ka jira har mai farin cikin ta zauna kusa da baƙa, sannan ka ɗauki su biyun a hoto ɗaya.

Ɗalibi a Sikotland

Malam, in wannan zai rage maka zafi, mu ma nan fama muke da namu tagwayen. Ina karatu a Edinbara, kuma carbo ɗin da manhajarka ta fara ambata kullum ina ganinta a bakin ruwan Forth. Abokiyar rikicinta a nan wata ce da Turawa ke ce wa shag, Gulosus aristotelis. Daga nesa dukkansu baƙaƙe ne masu shanya fukafuki, har 'yan ƙasar ma ruɗewa suke.

Wani tsoho da nake haɗuwa da shi a gaɓa, kullum da flas ɗin shayinsa, shi ya koya mini. Ya ce in daina kallon launi in kalli kai. Shag bakinta siriri ne kamar fensir, goshinta a tsaye, wuyan ma siriri. Carbo bakinta kamar an sassaƙa shi da gatari, ga fari a haɓa da kumatu. Da bazara ta gabato shag takan fito da tukku mai lanƙwasowa gaba, jikin ya yi sheƙin kore kamar kwalba, ita kuma carbo ta fito da farin tabo a cinya. Wajen nutso shag takan yi tsalle ta fita daga ruwa gaba ɗaya kafin ta luma, abin gwanin kyau. An ce gashin wutsiyar carbo 14 ne na shag 12, amma ban ga tsuntsun da zai tsaya ka ƙirga masa ba.

Maganar wuri da Malama mai ƙidayar tsuntsaye ta Jos ta yi haka take a nan ma. Shag 'yar teku ce, duwatsun gaɓa da tsibirai irin su Isle of May, inda take kiwo da yawa. Da wuya ka gan ta a cikin ƙasa sai in guguwa ta koro ta. Carbo kuwa har dam da kogin tsakiyar gari take zuwa, ta hau itace ko turken lantarki. Abin da ya ba ni dariya a labarinka shi ne nan ma matashiyar carbo farin ciki gare ta, kuma ita ce take sa sababbin masu kallo su zaci sun gano wani sabon abu.

Ka shiga saitin manhajar ka sa mata ƙasa da wata. In ba ka sa ba, tsuntsayen duniya duka take gwada hotonka da su, jinsin caga kuwa sun kai wajen 40, yawancinsu baƙaƙe masu kama da juna.

Direba a Bahrain

Salam. Ni ba masani ba ne, tuƙi ya kawo ni nan, amma tun da na karanta wannan zance na gane abin da nake gani. Wani lokaci da sassafe in na bi hanyar gaɓa sai in ga wani baƙin layi a saman teku, ƙasa-ƙasa, kamar hayaƙi, ya yi minti da minti yana wucewa bai ƙare ba. Wani ɗan ƙasa ya ce mini cagar Sokotra ce, a tsibiran Hawar take kiwo dubbai. Sunan na tsibirin Yaman ne, amma yawancinta a nan tekun Fasha take. Baƙa ce duka, siririya, ba ta rabuwa da ruwan gishiri. Da sanyi kuma babbar nan ta Turai takan zo, ita ɗai-ɗai ko 'yan kaɗan ake ganinta a tashar jiragen ruwa, da rawaya a gindin baki. Allah ya ƙara basira, Malama.

Malamin Noma, Nguru

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na bi umarni, yau na koma, ga rahoto.

Na roƙi Baba mu zagaya ta gabas don rana ta kasance a bayanmu. Ya yi ta mita wai zan sa kifinsa ya kwana a kalli, amma ya kai ni. Muka tura hancin jirgin cikin kacala muka yi shiru. Yau goma sha ɗaya ne a kan gabaruwar, kuma masu farin ciki uku ne, ba ɗaya ba. Tun daga nan jikina ya fara sanyi, don tsuntsun da ba kasafai ake gani ba ai ba ya zuwa uku-uku.

Na fi rabin awa ina jira. Can ɗaya daga cikinsu ta sauka ruwa, ta yi nutso biyu, ta fito da ɗan kurungu. Nan na ga ikon Allah, don kifin ya miƙe ƙayoyinsa ya ƙi shiga, ita kuma ta yi ta buga shi a ruwa tana sakinsa tana sake cafkewa, har sai da ya yi laushi ta haɗiye, ina ganin tudunsa yana gangarawa a wuya. Da ta gama sai ta tashi da ƙyar, tana dukan ruwa da ƙafa biyu, ta zo ta sauka a reshen ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da wata baƙa. Malama, ko da ɗan yatsa ba ta fi ta ba. Kai ɗaya, baki ɗaya gajere mai rawaya, wutsiyoyin biyu sun zubo ƙasan reshen tsawo ɗaya. Kamar an aiko ta, sai ga balbela ta sauka a gefensu, su ukun kusan kai ɗaya. Da rana ta ɗaga na samu idon ma: na baƙar ja, yadda ɗan'uwa na Yawuri ya faɗa, na mai farin cikin ruwan ƙasa. Adon ɓawon kifin nan na bayan baƙar shi ma na gan shi, shekara guda ina kallonsu ban taɓa lura ba.

Na saka sabon hoton a manhajar bayan na sa mata Najeriya da Janairu, ta ce Microcarbo africanus ba tare da wani inda-inda ba.

Na gaya wa Baba cewa 'ya'ya ne. Ya ce ai ya sani, ban tambaye shi haka ba ne, cewa na yi wace iri ce.

Ranar Litinin zan kira yarinyar nan gaban aji in ce ita ce da gaskiya. Na kuma yanke shawarar in ba ta aiki ita da 'yan garinsu biyu, duk Asabar su ƙirga mini baƙaƙe nawa masu farin ciki nawa a wurin shanya ɗaya, mu rubuta a bayan rajista har zuwa faɗuwar damina, mu ga yadda lissafin zai juya. Malama, in akwai takardar da kuke cikewa a ƙidayarku, don Allah ki turo mini samfurinta.

Ɗan Sarkawa, Yawuri

To Malama, na karɓa, amma da sharaɗi. Wadda ta gaya mini mata ne gwaggona ce, shekararta sittin tana banda kifi, ba zan tunkare ta da hoton waya ba. Akwai wata giyayya a wani tsibiri kusa da mu da suke sheƙa a kai duk shekara. In ruwa ya cika zan je da kaina in duba waɗanda ke kwance kan ƙwai, in na tarar duka baƙaƙe ne sai in ɗauko ta a jirgi ta gani da idonta. Malam, in ɗalibanka sun ga mai wuyan macijin a wajenku, a rubuta mini ita ma a gefen rajistar.